Malam da Likitan Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Ciwon Waswasi

 

Ƴan'uwa masu karatu, akwai tambayar da ta yawaita gare mu a ƴan shekarun nan. Wani yakan rubuto ta a takarda bayan karatun Magariba, wani ya kira ta waya, wani kuma ya jira sai jama'a sun watse sannan ya matso ya yi ƙasa da murya. Tambayar ita ce: ya halatta Musulmi ya kai damuwar zuciyarsa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko wurin masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke zama da mutum yana sauraronsa yana ba shi shawara? Yin haka bai nuna raunin imani ba? Ga Alƙur'ani, ga zikiri, ga addu'a, me kuma ake nema wurin wanda ya yi karatun boko?

Amsarmu a taƙaice ita ce ya halatta, wani lokaci ma yakan zama wajibi. Sai dai gajeriyar amsa ba ta isar wanda abin ya dama. Don haka muka ga ya dace mu ɗauki ciwo guda wanda malamai suka fi kowa cin karo da shi, wato waswasi, mu duba ta cikinsa inda aikin malam ya tsaya da inda aikin likita ya fara.

Matashin da ya koya mana darasi

Shekarun baya wani matashi, tela ne a kasuwa, bai daɗe da aure ba, ya tare mu bayan sallar Asuba. Lokacin hunturu ne, fatar hannuwansa ta yi fari ta tsattsage saboda yawan ruwa. Ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, tun kiran farko ina wurin alwala, amma ban samu jam'i ba. Duk sanda na kai ga wanke ƙafa sai in ji kamar ban yi niyya ba, sai in koma daga farko." Muka ce masa: "Ɗana, alwalarka ta yi. Niyya a zuciya take, tashin da ka yi ka ɗauki buta don salla ya wadatar." Fuskarsa ta saki, ya yi godiya ya tafi.

Washegari ya dawo. Wannan karon kabbarar harama ce, yakan maimaita ta har liman ya yi ruku'u. Bayan kwana biyu sai maganar najasa: ko ruwan da ya fantsamo masa a hanya ya ɓata masa wando. Da aka yi mako guda, ya zo yana kuka. Wasu munanan tunane-tunane game da Allah da ManzonSa suke faɗo masa a tsakiyar salla, abin da ba ya ko iya furtawa. Yana so ya sani ko ya fita Musulunci, kuma in ya fita, ko aurensa na nan.

Mun yi watanni muna ba shi amsa. Kowace amsa daidai take a fiƙihu, kuma kowace takan sanyaya masa rai na yini ɗaya ko rabin yini. Amma ciwon gaba yake yi. Ya daina buɗe shago a kan lokaci, ɗinkin mutane ya taru, ya rame. Wanda Allah Ya sa ya buɗe mana ido wani ma'aikacin lafiya ne da ke halartar karatunmu. Ya ce cikin ladabi: "Malam, a gafarce ni, amsar da kuke ba shi kullum ita ce abincin ciwon." Maganar ta yi mana nauyi a ranar. Da muka koma littattafanmu na fiƙihu sai muka tarar ya fi mu kusa da abin da malamanmu na farko suka rubuta. Za mu dawo kan wannan.

Daga ina zargin ya taso?

Ba a banza malamai da iyaye suke ɗari-ɗari da wannan fanni ba. Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Austiriya wanda sunansa ya fi yaɗuwa a ilimin halayyar ɗan Adam, ya rubuta a 1907 cewa ibadun addini sun yi kama da maimaicin da mai waswasi ke yi. A 1927 kuma ya fitar da littafi inda ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da ɗan Adam ya ƙirƙira don ya rage tsoronsa. Ɗaliban ƙasashen Musulmi da dama sun haɗiye wannan ra'ayi tare da sauran karatun, suka dawo gida da shi.

Wanda ya fi yi wa wannan hali raddi ɗan cikin gida ne, Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2021, Allah Ya jiƙansa. A 1979 ya wallafa littafi kan tsaka-mai-wuyar da masana halayya Musulmi suke ciki, kuma ya kwatanta masu kwaikwayon Turawa ido rufe da waɗanda hadisi ya ambata, masu bin sawun na gabansu ko da ramin damo suka shiga. Amma Badri bai ce a zubar da fannin ba, shi kansa masanin halayya ne da ya yi shekaru yana duba marasa lafiya. Abin da ya yi shi ne rarrabewa tsakanin falsafar wasu masana, wadda ra'ayinsu ce kawai, da hanyoyin magani waɗanda gwaji ya tabbatar da amfaninsu.

Fannin ma ya sauya tun bayan Freud. Daga shekarun 1960, Aaron Beck a Amurka da wasu irinsa suka kafa hanyar magani ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ba ruwanta da yanke hukunci kan aƙidar mutum. A 1994 babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ware wani gurbi don damuwar da ta shafi addini, domin kada a riƙa lissafa ta kai tsaye cikin cututtuka.

Akwai dalili na biyu. A zamanin mulkin mallaka, a wurare da yawa na ƙasashenmu, tsare mai taɓin hankali ake yi, wani lokaci a gefen gidan kaso. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne wannan ƙofa ta mahaukata ce, wanda aka gani a bakinta an shafa wa danginsa baƙin fenti, har neman aure a gidansu sai ya yi wuya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa ko damuwa. Mafi yawansu suna zuwa kasuwa, suna bin sahu tare da mu, ba mai tsintar tsumma a titi a cikinsu.

Abin da magabata suka sani

Mu fara da cewa baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙubu (AS), wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai zarge shi ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Yana daga cikin addu'o'insa na yau da kullum neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Ya kuma umarci mutane su nemi magani, ya sanar da su cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da waraka. A cikin Bukhari, Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a bai wa waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. A lura da kyau: abinci ne aka ba jiki don a taimaki zuciya. Gidan Annabta bai raba jiki da rai ba.

Malaman da suka biyo baya sun faɗaɗa wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, rabinsa kan lafiyar jiki, rabinsa kan lafiyar rai. Ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar mutuwa ko asara, wanda nasiha da gyaran tunani ke yi wa amfani, da wanda ke rufe mutum ba tare da wani sababi na fili ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana bukatar maganin jiki. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar bukata. Ya kuma ce kamar yadda mara lafiya ke bukatar likita, haka mai damuwa ke bukatar wani daga waje da zai yi masa magana, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan daga bakin kansa. Wannan fa shi ne tushen abin da yau ake kira zaman ba da shawara, kuma an rubuta shi fiye da shekara dubu da suka wuce. Malik Badri ne ya fassara wannan sashe zuwa Ingilishi.

Lokacin da muke karatu a Masar mukan bi ta gaban ginin Sarki Ƙalawun a tsohuwar Alƙahira, tafiya kaɗan daga Azhar. A nan aka gina babban asibitin Mansuri a 1284, da kuɗin waƙafi, kuma yana da sashe na masu ciwon hankali. Masallaci da makaranta da asibiti duk a haraba guda suke. Ba wanda ya ga karo tsakaninsu.

Inda fiƙihu da asibiti suka haɗu

Mu koma kan telan nan. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta Ahalari da Risala, kuma ya ci karo da mutumin da malaman Malikiyya ke kira mustankihi, wato wanda shakka ta zame wa jiki, tana zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini. A mazhabarmu, mutum lafiyayye in ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, sai ya sake. In ya yi shakkar raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan uku ya ƙara ɗaya. Amma mustankihi hukuncinsa daban ne: ba ya sake alwala, ba ya kawo abin da ya yi shakka a kai, sai ya kau da kai daga shakkar ya wuce, ya yi sujada ba'adiyya. Malamai sun gane cewa wannan mutum in aka ce ya bi shakkarsa, ba ranar da zai gama salla.

Hadisai ma haka suka nuna. An kai wa Annabi (SAW) ƙarar mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a cikin salla, sai ya hana shi yanke sallar har sai ya ji sauti ko wari. A cikin Muslim, wasu sahabbai sun koka cewa suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda furta su ya yi musu girma, sai ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ya kuma sanar da cewa Allah Ya yafe wa al'ummarsa abin da zukata suka raya matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Ibnu Ƙudama ya yi ɗan littafi sukutum kan masu waswasi, Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa maganar a Igasatul Lahfan. Annabin da ke alwala da mudu guda na ruwa bai bar wa mai ƙarar da tulu hujja ba.

To, me likitoci suka gano? Suna lissafa wannan ciwo cikin sanannun cututtuka, yana kama kimanin mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari a tsawon rayuwa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Wanda ba ya salla, nasa yakan fito ta wanke hannu don tsoron ƙwayar cuta, ko komawa duba ƙofa sau ashirin. Ciwon yakan kama abin da mutum ya fi darajantawa, shi ya sa mai kishin addini nasa ke fitowa ta alwala da aƙida. Yadda yake aiki kuwa shi ne: tunani mai tayar da hankali ya faɗo, mutum ya yi wani abu don ya samu sauƙi, ya sake alwala ko ya je ya tambayi malam, sauƙin ya zo na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa da ma haɗarin gaskiya ne, kuma maimaicin ne ya tserar da shi. Gobe tunanin zai dawo da ƙarfinsa fiye da na yau.

A 1966 wani masani a Landan mai suna Victor Meyer ya gwada wata hanya a kan marasa lafiya biyu: a bar mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, a hana shi maimaicin, a zauna tare da shi har fargabar ta sauka da kanta. Hanyar ta yi aiki, kuma har yau ita ce kan gaba wajen maganin waswasi. Idan aka ajiye ta gefen hukuncin mustankihi sai a ga umarni guda ne: kada ka biye wa shakkar.

A nan ne kuskurenmu ya fito fili. Mun san hukuncin, amma kullum muna sake ba shi tabbaci, kuma neman tabbacin shi kansa wani nau'in sake alwala ne. Bambancin da ke tsakaninmu da masanin asibiti shi ne mu mukan faɗi hukunci mu tashi, shi kuwa an horar da shi ya jera matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya bi mutum mako bayan mako, ya koya wa iyalinsa su daina amsa tambayar da aka riga aka amsa, ya kuma gane lokacin da ake bukatar ƙwaya. Shi ma a nasa ɓangaren yana da abin da ba zai iya ba. In ya ce wa mai tsoron Allah ya yi salla da alwalar da yake shakka a kanta, ba zai yarda ba, don yana ganin lahirarsa ake so ya saka a caca. Sai malamin da ya amince da shi ya ce masa: "Wannan shi ne hukuncin Allah a kanka, in ka sake alwalar ma ka saɓa wa sunna." Kowane ɗayansu yana riƙe da rabin maganin.

Iyakar malam

Mun yi imani da samuwar aljanu, da sihiri, da kambun baka, domin nassi ya tabbatar da su. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta sunna ce. Amma ba malamin da ke da ma'aunin da zai tabbatar da cewa wannan mara lafiya aljani ne ya shafe shi. Farfaɗiya, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau, ciwon maƙoƙo, da shaye-shayen tramol da wiwi, duk suna iya sa mutum ya faɗi, ko ya yi surutai, ko ya ga abin da ba a gani. Wanda aka ajiye shi mako biyu ana yi masa turare alhali sanƙarau ke cin sa, wa zai amsa tambayar ransa? Abu Dawuda da wasunsa sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata.

Don haka muna kira ga ƴan'uwanmu malamai da limamai, in suka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, su yi addu'a kuma su tura asibiti a ranar:

Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya ambaci kashe kansa. Kada a tsaya ga karanta masa azabar mai kashe kai a sallame shi. A tambaye shi a fili, a sanar da wani amintacce cikin danginsa, a kawar da guba da makami daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun lalace, ya kasa aikinsa.

Wanda ke jin muryoyi, ko yake ganin ana bin sa za a kashe shi, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta zuba da ɓarnar dukiya.

Mai jego da ta rikice bayan haihuwa, ko ta ƙi jaririnta, ko take yawan kuka ba dalili. Wannan gaggawa ce, rai biyu ne a ciki.

Wanda ya tsira daga harin ƴan bindiga ko ya ga an kashe nasa, irin ƴan'uwanmu na Diffa da Tillaberi da kan iyakar Maradi, yana firgita cikin barci, ƙaramin ƙara na sa shi karkarwa watanni bayan abin ya wuce.

Sai maganar mari da bulala. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda a Kaduna suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60. Mun san iyaye ba don ƙiyayya suke kai ƴaƴansu irin waɗannan wurare ba, rashin mafita ne. Amma wanda hankalinsa ya gushe Shari'a ta ɗauke masa alƙalami. Wanda Allah bai kama da laifi ba, da wane dalili za mu yi masa horo? Baiwar Allah nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW) ta koka cewa jikinta na buɗewa in ta faɗi, addu'a ya yi mata don a suturta ta. Mutuncinta ya kare.

Iyakar likita

Kamar yadda malam ba ya rubuta ƙwaya, haka likita ba ya ba da fatawa. Sahihancin salla, aukuwar saki, halaccin ajiye azumi, duk na malamai ne, bayan sun ji bayanin likita. In mai ba da shawara ya ce wa matashi ya rage damuwa ta hanyar abin da Allah Ya haramta, ko ya nuna masa cewa tsoron Allah shi ne ciwonsa, ba a yi masa biyayya, sai a nemi wani. Ya halatta tun zaman farko ka ce masa: "Ni Musulmi ne, ina so a yi mini magani cikin iyakokin addinina." Ƙa'idar aikinsu ma ta wajabta musu girmama wannan. Mace ta nemi mace in akwai. In babu, a zauna inda ba a keɓe ba, muharraminta na kusa.

Wasu kan tambaya ko faɗa wa likita sirrin gida ba gulma ba ce, ko kai ƙarar Allah wurin bayinSa. Malamai sun halatta ambaton aibin wani don neman fatawa ko taimako, kamar yadda Hindu ƴar Utba ta kai kukan rowar mijinta wurin Annabi (SAW). Bayyana ciwo ga mai magani ba ya warware haƙuri. Shi kuma likitan, sirri amana ne a wuyansa.

Game da ƙwayoyi: magungunan damuwa da waswasi da likita ke rubutawa ba sa bugarwa, ba su cikin hukuncin giya. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, na waswasi ma yakan kai wata biyu zuwa uku. Kada a daina sha kwatsam don an ji sauƙi, ko don wani ya ce shan magani rashin tawakkali ne. Kada kuma a saya a tebur ko wurin mai talla. In azumi ya ƙarato a koma wurin likita ya tsara lokutan sha.

A haɗa hannu

Wannan haɗin gwiwa an taɓa yin sa a nahiyarmu. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, ya yi aiki da shehunan da jama'a ke kai wa marasa lafiya, bai ɗauke su abokan gaba ba. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su fara maganinsu, saboda ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a ƙasashenmu, mafi yawansu kuma a manyan birane. Saboda haka ba sai an tara kuɗin motar Yamai ba kafin a fara. A soma da asibitin da ya fi kusa, su za su tura gaba in da bukata.

Abin da muke roƙon kowane liman shi ne ya san sunan ma'aikacin lafiya guda a yankinsa da zai iya tura wa mutane. Kwamitocin masallatai su gayyato su su yi wa jama'a bayani. Masu zakka su tuna cewa kuɗin maganin talaka mai wannan ciwo yana cikin bukatunsa. Mu kuma kiyaye harsunanmu a kan mumbari, domin cikin masu sauraronmu akwai wanda kalmar "mahaukaci" ke hana shi neman magani.

Telan nan, da kanmu muka raka shi asibiti tare da yayansa. Muka yi yarjejeniya mu uku da mai duba shi: alwala sau ɗaya da buta guda, kabbara sau ɗaya, tambayar da aka amsa ba a sake amsa ta. Makonnin farko sun yi masa tsanani. Yakan zo ya tsaya gabanmu bakinsa na rawa, mu ce: "Ɗana, mun riga mun amsa wannan, zauna mu sha shayi." Ya sha magani na tsawon lokacin da aka ɗibar masa, bai bar azkar ɗinsa na safe da yamma ba. Har yanzu tunanin kan leƙo shi jefi-jefi, musamman in ya gaji, amma ya san sunansa, ya san hukuncinsa. A sahun farko yake sallar Asuba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya gafarta mana abin da muka yi kuskure a cikinsa. Wallahu a'alamu.